Ƙafafun Solar da Ke Saman Soronmu

Daren jiya kaina bai gama taɓa matashi ba wani mafarki ya sure ni.

Sai ga ni a saman soronmu da rana tsaka, a gaban farantin solar da na kafa. Solar nan ba ta ado ba ce. Ita ke riƙe da firjin da Inna, mahaifiyata, ke ajiye allurarta ta ciwon suga, maganin da in ya ji zafi ya tashi daga aiki. Ƙafafun ƙarfen nan huɗu da ke ɗauke da farantin suna tsaye, ƙasar yaɓe ta rufe su har gwiwa, suna ta tari.

Ta gabas ta ce, "Maigida, sannu da hutawa. Mu dai mun gaji."

"Gajiyar me?" na ce. "Mai shago ya rantse mini shekara ashirin da biyar za ku yi. Ku da ko shekarun shiga firamare ba ku kai ba? Ku daina wasa da aikinku."

Suka ce a je a raba mu. Na ce a je, ni ba a taɓa kayar da ni a magana ba.

Sai kawai muka kasance a wani ofis. Soron ma ya biyo mu, ya shiga layi. Wani bunsuru ne a kan kujera, da tabarau, yana taunar guntuwar wayar lantarki. Bai tambayi kowa komai ba. Ya kama ƙarfen ya buɗe masa baki yadda ake duba haƙoran rago a kasuwa. Ashe notinan da aka ɗaure shi da su ne haƙoran. Biyu suna girgiɗi, ɗaya ya yi ja wur da tsatsa.

"Malam, yaushe rabon da sifana ta gaishe su?"

"Ranka ya daɗe, abin da aka ɗaure ai ya ɗauru."

"Uhm. Shekarun da aka faɗa maka na gilashin farantin ne. Shi kwance yake yana shan rana, ba shi da aiki. Waɗannan ke ɗauke da shi, iska na jijjiga su. Wa ya binne musu ƙafa?"

Nan na gyara tsayuwa, don an zo wurin da nake da baki. "Ni ne nan! Duk shekara kafin damina Baba Barau magini yakan zo ya yi wa soron yaɓe, kamar yadda ya yi wa mahaifina. Ni nake ce masa ya tula musu ƙasa a gindi, kada ruwa ya bi ta nan ya sauka ɗakin Inna. Ɗigo ɗaya bai taɓa sauka ba. A je a tambaya."

"Ruwan da bai sauka ba, ina ya kwana?"

Ƙafafun suka haɗa baki, "A jikinmu, ranka ya daɗe. Ƙasar ba ta bushewa a ciki."

Na ce ƙarya suke, raki ne irin na kayan zamani. Bunsurun ya ce an tashi, ya cinye tabaransa.

Muna komowa gida hadari ya haɗu a ƙarƙashin ƙasa. Tsawa ta fito daga cikin rijiya. Ruwa ya ɓarke daga tsakar gida yana hawa sama, indararo na zuƙarsa zuwa kan soro, maƙwabta suna kifa bokitai a kai don su tara. Ban damu ba. Na tsaya na riƙe ƙugu ina jiran ƙarfe ya nuna shi ƙarfe ne.

Ta gabas ta ce, "Maigida, a yafe mu." Ta karye daidai inda ƙasa ta rufe ta. Wallahi daga sama fentinta ƙal yake, amma ciki ta zama kamar ƙanzo. Sauran ukun suka bi ta cikin ladabi. Faranti ya ɗaga kamar faifai ya nufi sama.

Na leƙa ƙasa. Inna na zaune a kan firji, tana yi wa ƴar kwalbar maganin fifita da mafici.

"Tanimu, maganin nan ya fara gumi."

"Inna, kwantar da hankalinki, ina nan."

Na yi tsalle na cafko farantin na aza a kaina. Firji ya ci gaba da gurnani. Na ce, "Kun gani? Ƙafa biyu ma sun isa." Na tsaya, kaka ta wuce, zafi ya shigo, tsuntsaye suka saba da ni.

Sai ga Baba Barau ya hawo da kwano cike da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Ya gaishe ni, ya tambayi jikin Inna, ya tsuguna ya fara tula mini ƙasar a ƙafa.

"Baba, ni ne fa, Tanimu!"

"Na sani, ɗana. Kai ka ce kada ruwa ya sauka."

Ya lallaɓa ta har gwiwata, ya shafe da tafin hannu, aiki mai kyau. Wani danshi ya fara cin idon sawuna. Na ji tsatsa tana hawa sannu a hankali, kuma ba halin in sunkuya in sosa, don ina sunkuyawa firji zai mutu. Inna ta ɗago kai ta dube ni.

"Tanimu, kai shekara nawa aka ce za ka yi?"

Na buɗe baki in ba ta amsa, sai tari ya fito.

Ƙarar tsani da aka jingina a bangon ɗakina ce ta tashe ni. Gari ya waye, ana juye ƙasa a ƙofar gida, Baba Barau kuwa yana kira daga waje:

"Tanimu, mun iso! Ƙafafun nan, a ƙara musu kamar bara ko?"