Mai Koya wa Na'ura

Ijja ta miƙa hannu ta tsame lemon daga kan bel ɗin da ke gudu, ta jefa shi kwandon da ke gefen ƙafarta. Shekara ashirin da bakwai ke nan tana tsaye a wannan wurin, a masana'antar shirya lemon tanjarin da ke bayan garin Ulad Taima a ƙasar Maroko, tana raba mai kyau da mai aibi kafin a zuba a kwalaye a kai tashar jiragen ruwa ta Agadir, daga can sai Kanada.

"Lalla Ijja, gyara ɗankwalinki mana," in ji Fadma, wadda ke tsaye dama da ita tun ba su fara furfura ba. "Kada 'yar Kanada ta shigo ta tarar da tsohuwarta kamar buhun da aka mance a sito."

"Ke dai duba gabanki, ruɓaɓɓe biyu sun wuce ki."

"Da gangan na bar su. Su ma Turawan su ɗanɗana abin da muke ci."

Matan da ke kusa suka kwashe da dariya. Ijja ta murmusa, amma hankalinta na kan ƙofa. Shekara tara rabon da ta sa 'yarta Hasna a ido, tun da yarinyar ta tafi karatu Montreal ta samu aiki a kamfanin da ke sayen lemonsu. Ita kaɗai Allah ya ba ta, mijin kuma ya rasu tun Hasna na sakandare. Yau ga ta za ta zo cikin tawagar masu zuba jari.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya manaja Si Lahsan ya shigo da sauri yana tafa hannu, bayansa mutum kusan ashirin sanye da fararen riguna da hular leda. Akwai wakilin ma'aikatar kasuwanci, da wata mata daga ofishin jakadancin Kanada, da wani dogon Bature mai suna Bouchard, shugaban kamfanin. Hasna na gefensa riƙe da takardu. Ta rame, ta kuma yanke gashinta. Da idonta ya haɗu da na Ijja sai ta ɗora hannu a ƙirji, ta ci gaba da yi wa Baturen bayani.

Sai da suka iso kan layin sannan ta sunkuya ta sumbaci hannun uwar da goshinta.

"Immi," ta ce, wato uwata a harshensu.

"Sannu da hanya, 'yata. Ba ki cin abinci ne a can?"

Hasna ta juya ta faɗi wata magana da Faransanci, tawagar ta ɗauki tafi. Bouchard ya nemi ya ga aikin. Ijja ta bar lemo kusan talatin suka wuce, sannan ta cafke ɗaya mai sheƙi, wanda babu ko tabo a jikinsa. Si Lahsan ya yanka shi da wuƙa. Cikin ya bushe kamar auduga. Aka sake tafi, aka ɗauke su hoto ita da Baturen, tana riƙe da rabin lemon.

Daga nan aka tara ma'aikata a tsakar fili. Wakilin ma'aikata ya yi dogon jawabi a kan zumuncin ƙasashen biyu da tekun Atlantika ya raba, matar ofishin jakadanci ta ƙara nata. Da Bouchard ya karɓi lasifika, Hasna ce ta mayar da maganarsa Shilhanci, harshen mutanen yankin, don mata su ji. Kamfanin zai kawo na'ura mai kyamarori, wadda ke tantance lemo cikin ƙiftawar ido. Za a ninka abin da ake fitarwa. Sannan ta ƙarasa: daga cikin mata ɗari da ashirin da ke kan layi, talatin kaɗai za a bari a bakin aiki bayan na'urar ta kama aiki.

Manyan baƙi suka tafa. A ɓangaren matan ba wadda ta motsa.

Lokacin cin abinci, mata suka zauna rukuni-rukuni a inuwar katanga kamar kullum, suka baje burodi da man zaitun da butar shayi. Ijja ta nufo inda Fadma take. Ba wadda ta matsa mata ta zauna. Wata matashiya mai goyo ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "An yi wa manya shimfiɗa a ofis, Lalla. Har da gasasshen rago."

Ijja ta juya. Ta zagaya bayan sito inda ake jibge akwatunan roba, ta kife ɗaya ta zauna. Ta fito da burodinta ta gutsura.

A nan Hasna ta same ta. Ta jawo wani akwatin ta zauna, ba ta damu da ƙurar da za ta ɓata mata siket ba.

"Na neme ki ko'ina."

"Da bakinki kika gaya musu," in ji Ijja. "Fadma ce ta yi mini wankan jego da na haife ki, kin sani? Ita ta riƙe ki kwana arba'in ina kwance."

"Da in bar baƙo ya faɗa musu, gara ni. Immi, shagunan can sun ce ko mu kawo na'ura ko su koma sayen na Masar. Da haka ta faru, ba casa'in za su tafi ba, rufe wurin za a yi gaba ɗaya. Wata shida na yi ina faɗa kafin su yarda da talatin ɗin nan. Goma sha biyu suka so."

Ijja ta ajiye burodin. Ta san 'yarta ba ta ƙarya.

"Akwai kuma wani abu," in ji Hasna. "Na'urar ba ta san komai ba sai an koya mata. Sai wani ya zauna yana nuna mata wannan mai kyau ne, wannan ba shi da kyau, har ta gane. Na ce musu babu wanda zai iya sai ke. Ba wadda za a sallama sai na'urar ta gama koyo. Bayan nan ke ce mai kula da ita. Ɗaki za a ba ki mai gilashi, da kujera. Kin daina tsayuwa, ƙafafunki su huta."

"Ni kaɗai a ɗakin?"

"Ke kaɗai. Ba mai damun ki."

Ijja ta kalli hannayenta. Ta ce, "Na dafa miki kuskus tun asuba, da kabewa, yadda kike so. Na share ɗakinki."

Hasna ta sunkuyar da kai. "Jirginmu ƙarfe biyar zai tashi zuwa Kasablanka. Gobe da safe ake sa hannu a Rabat, jibi mu wuce. Wallahi na roƙa, Immi." Ta yi sauri ta fito da waya ta nuna mata hoton wani yaro cikin ƙatuwar rigar sanyi. "Ga Ilyas. Ya shiga shekara biyar."

Ijja ta daɗe tana kallon jikan da ba ta taɓa ɗauka ba. "Yana jin maganarmu?"

"Ya iya cewa burodi. Da kuma ruwa."

"To, ba zai mutu da yunwa ba in ya zo."

Aka danna hon daga bakin ƙofa. Hasna ta rungume ta, ta ce ta yi tunani, za ta kira ta kafin jirgi ya tashi. Ijja ta bi ta da kallo har ta sha kwanar sito.

Tun ƙarfe huɗu aka tashi, saboda an tsayar da layi don baƙi. Motar ma'aikata ta cika, Ijja ta tsaya a tsakiya ta riƙe ƙarfe. Sai da suka wuce gonaki biyu sannan Fadma ta janye jakarta daga kan kujera, fuskarta na kallon taga. Ijja ta zauna.

"Mun ji labarin ɗakin gilashi," in ji Fadma.

"Ban ce na karɓa ba."

"Ki karɓa, kada ki yi wauta. In ba ke ba wata za su samo. Ni ina da 'ya'ya maza uku, ko sun ƙi ko sun so za su ciyar da ni. Ke wa gare ki a garin nan?"

Ba da mugunta ta faɗa ba, shi ya sa ta fi zafi. Ijja ta sauka a mararrabar ƙauyensu.

Tana tafe ita kaɗai a kan hanyar da ta ratsa tsakanin itatuwan lemo, wayarta ta yi ƙara. Ta tsaya. Tana jin hayaniyar filin jirgi a bayan muryar Hasna.

"Immi, an fara kiran mu. Me zan ce wa Bouchard?"

"Koyarwar nan, wata nawa take ɗauka?"

"Sun ce uku. Ya danganta da yadda take kamawa."

"Wa zai riƙa duba ko ta kama?"

"Ni. Duk bayan mako shida zan zo in kwana biyu, har a gama."

Ijja ta sauya wa wayar kunne. Wata babbar mota ɗauke da kwalaye ta wuce a kan titi, ta jira ƙararta ta lafa.

"Ki ce masa na karɓa. Amma ki gaya masa tun yanzu, ni ba ni da saurin koyarwa. Fadma sai da ta shekara huɗu a gefena kafin in yarda da idonta, ita kuwa mutum ce."



"Immi..."

"Ki faɗa masa yadda na faɗa. Ai kin iya fassara."

Ta ji Hasna ta ja numfashi, kamar mai dariya, kamar mai kuka. "Zan faɗa masa."

Ijja ta mayar da wayar aljihun jallabiyarta, ta ci gaba da tafiya.