Itatuwan Kokon Maame Afrakoma

Maame Afrakoma yayar mahaifiyata ce, gonar kokonta tana bayan garin Goaso. Maƙwabcinta a gona Opanin Twumasi ne, dattijon coci mai ji da kansa. Wata rana ana iska ya fesa maganin kashe ciyawa a tasa gonar, iskar ta kwashe shi zuwa tata. Cikin mako biyu itatuwa arba'in da marigayi mijinta ya dasa suka bushe.

Ta tare shi a ƙofar coci bayan an tashi. Maimakon ya ba ta haƙuri, sai ya yi dariya a gaban jama'a, ya ce ai itatuwan dama sun tsufa kamar mai su.

Ranar Litinin na raka ta Sunyani wurin wani lauya mai suna Amankwaa. Mutumin kirki ne, bai ɓoye mata komai ba. Ya ce tana da gaskiya, amma shari'ar za ta iya cin shekara uku, sai an kawo malamin gona ya ba da shaida, kuma diyyar da za a ba ta da wuya ta kai abin da za ta kashe. Ko ta ci, Twumasi zai iya ɗaukaka ƙara. Ya ba ta shawara ta kai maganar gaban dattawa.

Tana murza bakin zanenta ta ce, "Ɗana, duk ranar zaman kotu dole ya zo?"

"Idan alƙali ya neme shi, dole."

"Sammacin kuma, ana iya miƙa masa a kasuwa?"

"Duk inda aka same shi, Maame."

"To rubuta."

A mota na yi ta lallashinta. Ta ce ni yarinya ce, ban san yadda dariyar mutane take kwana a kunne ba.

Ranar kasuwa aka damƙa wa Twumasi takardar yana cikin cinikin doya. Daga nan aka fara jelen kotu a Sunyani. Zama bakwai aka yi, ana ɗagewa, ba ta taɓa fashi ba. Kullum da baƙin zanen makoki take zuwa, ta zauna inda zai gan ta. Har sarƙar wuyanta ta zinariya ta sayar, ba ta yi ƙorafi ba.

A shekara ta biyu ƙafafun Twumasi suka fara kumbura, doguwar tafiyar mota ta gagare shi. Ya turo dattawa su roƙe ta. Ta ce ta yarda ta janye ƙara, ba ta son ko sidi ɗaya, amma shi da hannunsa zai haƙa rami arba'in ya dasa mata sabon koko, ba ɗan ƙodago, ba 'ya'yansa.

Kwana tara ya yi yana aikin. Ni nake ɗaukar mata kujera zuwa gona kowace safiya. Ta zauna a inuwar ayaba tana kallo, wanda ya karkace ta sa ya tone ya sake. Tun daga lokacin ba su ƙara gaisawa ba, har ya rasu.