Tsohon da Ya Hau Rufin Chernobyl

Munzali ya daɗe yana tura tsofaffi da marasa ƙarfi a keke daga unguwar Misfala zuwa Harami. Iyayensa ta Chadi suka shigo, shi kuwa a Makka ya yi wayo, kuma tun da ya kawo ƙarfi wannan ce sana'arsa.

A Umarar Rajab ya haɗu da Majid, wani tsoho mutumin Uzbekistan, tare da 'yarsa Maryama mai koyar da Larabci a garinsu. Tsohon ba shi da nauyi, sai ka ce ba kowa a keken. Muryarsa a dishe take, ga tabon tiyata ya ratsa maƙogwaronsa. Ba sa jin harshen juna, amma jininsu ya haɗu. Duk sanda suka fito daga ɗawafi sai Majid ya ciro gurasar ƙasarsu da busassun 'ya'yan itace, ya gutsura wa Munzali, ya ƙulle saura ya ce a kai wa iyali.

Wata rana bayan la'asar suna hutawa a inuwa, Munzali ya ce wa Maryama, "'Yar'uwa, me ya sami Baba a wuya?"

Ta faɗa wa mahaifinta. Tsohon ya fara magana tana mayarwa da Larabci.

"Ya ce suna yara aka gaya musu a makaranta wutar nukiliya za ta kori duhu har abada, ba gawayi ba hayaƙi, su kuma suka yarda. Yana aikin soja tashar lantarki ta Chernobyl ta fashe, a 1986. Lokacin ƙasarmu da Ukraine duk Tarayyar Sobiyat ce, sai aka kwashe su aka kai. Aka ba su shebur da rigar dalma. Ka hau rufin da gudu, ka ɗebi ɓaraguzai ka watsa cikin ramin da fashewar ta bari, kafin ka yi numfashi mai kyau an busa ka sauko. Ya ce har yau in ya tuna yana jin ɗanɗanon ƙarfe a bakinsa."

"Abokansa fa?"

"Waɗanda suka kwana tanti ɗaya, shi kaɗai ya rage. Domin su ma ya zo, ya yi musu addu'a."

"Wuta ce ta ƙone su?"

"A'a. Tururi ne mai guba, ido ba ya ganinsa. Yana shiga jiki ya yi ta cin mutum a hankali."

Munzali ya tuna gurasar da yake kai wa gida. Matarsa Suhaila tana da ciki, bayan ɓarin da ta sha har suka fara fid da rai. Da ya mayar da su masauki, Majid ya riƙe hannunsa ya nuna gobe, ranar ɗawafin bankwana. Munzali ya dafa ƙirji ya ce, "In sha Allahu, Baba."

A hanya ya tsaya ya nemi sunan wurin a wayarsa. Hotunan yara marasa lafiya da ya gani suka sa ya ɗauka gubar tana shafar na kusa. Ya jefa ƙullin gurasar a kwandon shara. Da ya isa gida ya wanke keken da ruwan zafi da sabulu, ya yi wanka, bai ce wa Suhaila komai ba. Washegari ya kashe waya ya ce kansa ke ciwo.

Sai da kwanaki suka shuɗe, ya raka Suhaila awon ciki, sannan ya daure ya tambayi likitar. Ya ba ta labarin tsohon yana sunkuyar da kai.

Likitar ta ce, "Bawan Allah, wanda tururin ya taɓa tun wancan zamani, shi ya cutu, amma ba ya shafa wa kowa. Ko a kwano ɗaya kuka ci, ba abin da zai sami matarka ko jaririn."

Suna fitowa Suhaila ta tsaya ta dube shi. "Malam, tsohon nan ne mai aiko mana da gurasa?"

"Shi ne."

"Shi ya sa ka kwanta ranar nan? Haba, Malam. Ai da ka faɗa mini. Mu zo nan mu tambaya ya fi ƙarfinmu ne?"

Ya kai ta gida, ya wuce masaukin su Majid da sauri. Sami mai karɓar baƙi ya gane shi tun daga ƙofa.

"Kai ne mai keken? Sun tafi Jidda, sun hau jirgi. Ranar nan tun safe tsohon yake zaune a nan yana kallon titi. Na kira masa masu keke, ya ƙi, wai ya yi alkawari da ɗansa. Ya ma sa 'yar ta tambaye ni ko haɗari ka yi. Da lokacin motarsu ya matso, ita ta ari kekenmu ta tura shi da kanta."

Munzali ya kira lambar Maryama a nan tsaye. Layin da baƙi ke saya na 'yan kwanaki ne, an riga an rufe shi.

Suhaila ta haihu lafiya, mace. Munzali ya koma kan kekensa. In ya ga ayarin mutanen Uzbekistan yakan rage tafiya ya nemi jagoransu, ya ce yana cigiyar wani tsoho Majid wanda ya yi aiki a Chernobyl. Sai a ce masa masu wannan sunan suna da yawa, wane gari yake? Shi kuwa bai taɓa tambaya ba.