Muryar Mai Jan Baƙi

A duk faɗin Kiyawa babu tafsiri irin na Malam Abdulkahar, kuma shekara goma sha tara bai taɓa fasa zama ko ɗaya ba. Shi da kansa ya sha tabbatar da haka. Alaramma Misbahu, wanda ke ja masa baƙi, wato karanto ayoyin da yake fassarawa, ba a cika sako shi a wannan tarihi ba.

Tun damina muryar Misbahu ta dishe. Malam ya ce zuma da kanumfari. Da ruwa ya fara sarƙe shi duk kurɓa, matarsa Hamida ta ja shi asibiti a Dutse, aka sa su yo hoton kai.

"Ƙari ne a gindin ƙoƙon kai," in ji likita, tana nuna wani tabo kamar gyaɗa. "Ba ciwon daji ba ne, amma ya danne jijiyar murya da haɗiya. An sa ranar aiki a Kano, tara ga azumi. In ta wuce sai bayan wata bakwai, kuma ban ce jijiyar za ta jira ba."

Misbahu ya durƙusa a zauren Malam ya yi bayani, rabi da raɗa.

"Tara ga azumi?" in ji Malam. "Ta dai ce ba ciwon daji ba ne, ko?"

"Haka ta ce, Allah gafarta Malam."

"To, alhamdulillahi! Abin da ya zauna lafiya tun damina, azumi ne zai gagare shi? Ni numfashina da naka ya saba. Wani ya ja mini, sai in rikice."

A gida Hamida ta tare shi. "Alaramma, ka ce masa a'a mana."

"A gabansa na yi hadda."

"To ni in je?"

"Ki zauna."

Aka ƙaro lasifika a wurin tafsiri. Ranar tara ga azumi Misbahu ya ja aya shida, yana tsayawa tari, Malam yana jira cikin haƙurin da jama'a suka yaba.

An cire ƙarin bayan wata bakwai, aiki ya yi kyau. Jijiyar ce dai ba ta farfaɗo ba. Malam ya zo dubiya, ya yi addu'a mai tsawo, ya ambaci wani alaramma na unguwar Takur a Dutse da aka ce numfashinsa ba laifi wajen jan baƙi.

Da ya fita, Hamida ta dama kunu mai kauri, don ruwa-ruwa yanzu huhu yake bi. Misbahu ya sunkuyar da haɓa kamar yadda likita ta koya masa, ya haɗiye cokali ɗaya, ya dakata.