Kujerar Bayan Matuƙa

Mama ba ta taɓa gane aikina ba, ni ma na gaji da bayani. In ƙawayenta suka tambaya sai ta ce, "Tana filin jirgi. Ba ta tuƙi, ba ta rabon abinci, gajimare take kallo a kwamfuta." Ba ta yi ƙarya ba. Ni mai sallamar jirgi ce. Kafin jirgin kamfaninmu ya ɗaga, ni ke tsara masa hanya, in duba yanayi, in lissafa man da zai sha, in zaɓa masa filin ko-ta-kwana, inda zai sauka idan filin da ya nufa ya ƙi saukuwa. Mutum biyu ke sa hannu a takardar sallama, ni da kyaftin. In ɗaya ya ƙi, jirgi ba ya motsi, ko da mai kamfanin ne zaune a ciki. Bayan ya tashi kuma ba ni da ikon barin tebur sai ya sauka.

Doka ta ce kowace shekara mai sallama sai ya shiga ɗakin matuƙa, ya zauna a 'yar kujerar nan da ake naɗewa a bayansu, a yi tafiya da shi, ya ga abin da yake tura mutane ciki. Shekara ta cika bai yi ba, lasisinsa ya kwanta. Tashinsa kuwa sai an koma aji, sannan a yi makonni ana aiki ƙarƙashin wani mai lasisi. Doka ce mai kyau, ba ni da ja. Sai dai wanda ya rubuta ta yana zaton kowane kamfanin jirage yana da jirage.

Mu jirgi ɗaya ya rage mana. Ofishin da a da ake rigimar kujera a cikinsa, yanzu mu biyu ne, ni da Dogo, wanda ni na koya masa aikin tun bai iya karanta rahoton iska ba. Wa'adinsa ya riga nawa, na ce ya fara hawa, ni na zauna a tebur. Ya je ya dawo. A makon nan jirgin ya lalace, aka tura shi wurin gyara, ana jiran wani ƙarfe da kullum "yana kan hanya". Ana kukan targaɗe sai ga karaya: Dogo ya samu aiki a wani kamfani. Ban ga laifinsa ba, yana da mata da 'ya'ya. Amma na ji haushi, har na daina amsa gaisuwarsa da baki sai da kai. Ranarsa ta ƙarshe a wurinmu ita ce ƙarshen wata, ita ce kuma ranar cikar wa'adina. In ta wuce, ba lasisi, ba kuma wanda zan zauna ƙarƙashinsa in farfaɗo da shi.

Na yi yawon neman alfarma a sauran kamfanoni. Kowa ya ba ni kujera da ruwan sanyi, ya ce hawan sai a jirgin kamfanin da mutum ke wa aiki. Da na tambayi gurbin aiki, sai a kalli furfurar da ta leƙo ta gefen ɗankwalina, a ce in bar lambar waya.

Ana gobe ƙarshen wata ƙarfen ya iso. Manaja ya shigo yana washe baki kamar shi ya ƙera shi, ya ce gobe da rana akwai tafiya, ya sayar da kujeru kaf. Dogo ya dube ni ya ce, "Yaya, gobe ni ne a tebur. Ki hau."

Da safe Mama ta goge mini farar rigar aiki da kanta, duk da ciwon gwiwa. "Yau dai za ki ga gajimaren nan ido da ido," in ji ta. "Ki gaishe su."

Na shiga jirgi bayan fasinjoji, na buɗe kujerata, na ɗaura bel. Kujera ce mai tauri, gwiwarka na dukan bayan ta kyaftin, amma ranar ji na yi ba ta da na biyu. Kyaftin, dattijo ne mai son wasa, ya juyo ya ce, "Malama, yau ke baƙuwa ce. Baƙo ba ya gyara wa masu gida shimfiɗa." Ya ajiye takardar sallama a gefensa. Da na bar ta nan. Amma hannuna ya saba, na ɗauka.

Hasashe ya nuna hadari zai iya rufe garin da muka nufa daidai lokacin saukarmu. Wannan ba sabon abu ba ne, don haka ake zaɓen filin ko-ta-kwana. Sai dai babban filin da muka saba zaɓa a rufe yake ana gyaran titinsa, saboda haka Dogo ya sa ƙaramin da ke kusa. Shi kuwa ƙaramin yana kan hanyar hadarin, iskar da za ta kawo ruwa can ita za ta wuce da shi nan. A takarda ya halatta, da ƙyar, don hasashensa ya tsaya daidai bakin iyaka. Amma in hadarin ya yi sauri kaɗan, filaye biyun za su rufe tare, mu kuma muna sama da man da ba zai kai mu wani wuri ba.

"Kyaftin, ka ga wannan?"

Bai juyo ba. "Na gani. Doka ta yarda, mai tebur ya sa hannu. Ni ma na gaji da zaman gida, Malama."

Na ji ana rufe ƙofar kaya a ƙasa. A baya wata mata na rarrashin jariri. Wallahi na so in yi shiru. An ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama, ni kuwa ga takobin a hannuna, har da sa hannun wani a kai. Na ce wa kaina hasashe hasashe ne, sau nawa aka ce ruwa aka ga rana? Sai dai na ciro waya.

"Dogo."

"Yaya, kin zauna?"

"Na zauna. Tambaya ɗaya zan yi maka. Da ba ni cikin jirgin nan, za ka sa hannu?"



"Yaya, yana cikin ƙa'ida."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Ke kika bar mini kujerarki," in ji shi. "In na hana jirgin nan, me zan ce miki?"

"Ba ni za ka yi wa bayani ba in ya ƙi sauka."

Dogo ya nemi a jinkirta zuwa yamma, amma filin da muka nufa ba shi da fitilu, rana na faɗuwa ake rufe shi. Ya janye sa hannunsa. Kyaftin ya cire abin kunnensa ya ajiye. Na naɗe kujerar na maƙale ta a bango.

Fasinjoji suka sauka suna zage-zage, ni ina tsakiyarsu da farar riga, kowa na tambayata wane marar imani ne ya soke tafiya. Manaja ya tare ni a matakala, ya ce tunda na fi kowa sanin doka, ai na san abin da ta ce game da gobe. Na ce na sani.

Ban tafi gida ba, don ban san abin da zan gaya wa Mama ba. Na koma ofis na zauna a kujerar baƙi, Dogo na kwashe kayansa daga aljihun tebur yana zubawa a leda. Ba wanda ya kalli wani. Daidai lokacin da ya kamata mu sauka, sabon rahoton yanayi ya shigo. Dogo ya karanta, ya yi sauri ya juya fuskar kwamfutar wajen bango. Amma ni na koya masa karatun nan, kuma na fi shi sauri. Hadarin ya kauce. Sama tas, iska kwance, a filayen biyu.

"Yaya..." in ji shi.

"Daidai ka yi," na ce. "Gobe ma in ka ga irinsa, ka hana."

Na ciro makullin ofis daga jakata na ajiye masa, don ya miƙa wa manaja tare da nasa.