Gyatsar Saniya a Kwalba

Ya durƙusa gaban saniyar surukinsa, ya kara mata bakin kwalba a leɓe, yana jiran ta yi gyatsa. Ita kuwa ta ci gaba da tuƙarta, tana kallonsa a kaikaice kamar wadda ta san abin da ake nema ta ƙi bayarwa.

A ofishin kula da muhalli Ɗan Kwantiragi ake ce masa, domin ya daɗe yana aiki ba a tabbatar da shi ba. Yau Babban Baƙo zai zo daga hedikwata, Oga kuma ya dage sai an nuna masa iskokin da ke ɗumama duniya ido da ido.

"Ban son hoto, ban son lacca," in ji Oga. "Ka kamo su. In ka ba ni kunya, ka nemi wani wurin."

Tun jiya Ɗan Kwantiragi ya kama sauran. Iskar kabon ya tara ta a salansar janareta. Wadda takin zamani ke fitarwa, sai da ya kife kwalba a gonar maƙwabci. Ta firji mai gyara ya tsiyaya masa. Saura iskar da ake kira metan, ita kuwa tana cikin saniya.

Surukinsa na zaune a inuwa yana kallon ikon Allah.

"Wai ni, me ta yi maka?"

"Ba ta yi komai ba, Baba. Iskar cikinta nake so."

"Iskar."

"E, Baba. In ta hau sama sai ta tare zafin da ya kamata ya fita, kamar motar da aka rufe gilasanta a rana. Shi ya sa damina ta rikice."

Tsohon ya dube shi sama da ƙasa. Can ya ce, "Da na ba ka 'yata, ce mini aka yi ma'aikaci ne kai."

Kafin Ɗan Kwantiragi ya ba shi amsa saniya ta saki abin, mai ɗumi, mai tsami, rabi a kwalba rabi a fuskarsa. Ya danna murfi da sauri, ya yi godiya, bai ma san wa yake yi wa ba.

A ofis ya jera kwalaben a kan tebur. Oga ya ɗaga ɗaya ya haska ta da taga, ya girgiza, ya kara a kunne.

"Ina iskar?"

"Tana ciki, ranka ya daɗe. Ba ta da launi ne."

"Kai! Mutum ya taso tun daga hedikwata in nuna masa fankon kwalba? So kake a ce na cinye aikin?"

Aka kira direban ofis, wanda kowa ya san yana laɓewa bayan gareji ya sha taba. Yau dai aka ba shi izini ya kunna a gaban Oga. Ɗan Kwantiragi yana ji yana gani aka buɗe kwalaben ɗaya bayan ɗaya, wahalarsa ta bi taga, direba ya busa hayaƙi a kowace aka toshe. Ya lallashi zuciyarsa da cewa ai hayaƙin taba ma ba ya rasa kabon.

Da azahar ayarin motoci ya cika harabar. Ba a kashe ko ɗaya ba, don kada kujeru su yi zafi kafin a fito. Babban Baƙo ya sunkuya kan kwalaben, hannuwa a baya, yana kallon farin hayaƙin yana murɗawa.

"Da gani ka ga mugunta," ya ce. "Wacce ta fi haɗari?"

"Metan ta fi kabon riƙe zafi, yallaɓai, amma ba ta daɗewa sosai a sama. Kabon kuwa in ta hau, jikokinmu ma za su tarar da ita. Ta firji 'yar kaɗan ce, sai dai kaɗan ɗin nata ya fi na kowa cizo."

"Kuma duk ka kama su?"

Oga ya riga shi. "Da hannunsa, yallaɓai. A ƙarƙashin kulawata."

Aka yi tafi. Babban Baƙo ya ɗaga hannu aka yi tsit.

"To, tunda an kama su, kada a kuskura su tsere. Abu mai son zafi, sanyi ne maganinsa. A ware musu ɗaki, a sa na'urar sanyaya ɗaki, janareta ya yi ta aiki ba dare ba rana. Wannan bawan Allah kuma a tabbatar da shi yau, shi ne mai tsaronsu."

Ɗan Kwantiragi ya buɗe baki. So yake ya ce abin da janaretan zai fitar kafin la'asar ya fi ƙarfin duk kwalaben garin. Sai ya ji takalmin Oga a kan yatsunsa. Ya tuna matarsa da cikinta da ya tsufa, da yadda take tambayarsa kullum ko an ce wani abu a ofis.

"Na gode, yallaɓai," ya ce.

Kafin a tashi aiki an kwashe tarkacen sito, an kafa na'ura, an sa masa kujera kusa da kantar kwalaben. Hayaƙin ya riga ya kwanta, sun koma garau. Oga ya leƙo ya gani, ya ce ba komai, direba zai riƙa zuwa kowace safiya.

Ɗan Kwantiragi ya kira matarsa a waya.

"An tabbatar da ni."

Ta yi ihu har sai da ya janye wayar daga kunne. Da ta natsu ta ce, "Me ya sami muryarka? Kuka kake?"

"Sanyi ne."

"Sanyi? Mu nan ko numfashi da ƙyar muke yi!"

A bayan bango janareta na ta ruri, gilashin taga na karkarwa. Ya cusa hannu ɗaya a hammata.

"Ki duba ƙasan akwati," ya ce, "ki fito mini da rigar sanyin nan. Gobe da ita zan zo."