Mangwaron Inna Kulsumu

Shekarar da aka fara shari'a a Zamfara, gulbi ya cinye wa Sagir kusan rabin lambun albasarsa a Katuru. Ran mutum ya ɓaci. Ya cika buhuna da yashi, ya kawo duwatsu a amalanke, ya jera su daga gaɓa zuwa cikin ruwa kamar an miƙa hannu.

Dabara ta ci. Da damina ruwa ya zo ya daki buhuna ya kauce, yashi da laka suka taru a bakin lambun, har ƙasarsa ta ƙaru. Sagir yana tafiya yana taƙama.

Sai dai ruwan da ya kora bai koma gida ba. Ya zagaya da fushi ya faɗa wa gaɓar da ke ƙasa da tasa, wadda kuwa ta surukarsa ce, Inna Kulsumu, uwar matarsa Zulaihat. Kafin kaka, saiwoyin babban mangwaronta sun fito fili suna lilo.

 Ina Inna za ta iya yi wa mijin 'yarta ta fari magana? Ko a hanya suka haɗu kowa kauce wa kowa yake. Mainasara, abokin Sagir, ya tsokane shi, wai ya shirya, tsohuwa za ta kai shi sabuwar kotu a Shinkafi. Sagir ya yi dariya, ya ce gulbi ya kamata a kai ƙara.

Da bazara mangwaro ya nuna, sai kwanduna suka fara shigowa gidansa. Yau kwando, gobe kwando, har ƙuda suka san gidan. Ya tambayi Zulaihat dalilin wannan alheri.

"Inna ta ce ku sha da kyau, Malam," ta amsa tana ɓoye murmushi. "Ta ce na bana shi ne na ƙarshe."

Sagir ya ajiye mangwaron da yake sha.

Washegari ya rushe hannun nan nasa na buhuna da duwatsu. Ya kwantar da buhunan a jikin gaɓa tun daga lambunsa har gindin bishiyar, ya dasa ciyawar jema a bayansu don ta riƙe ƙasa. Mainasara na taya shi yana masa shaƙiyanci.

Damina ta dawo, gulbi ya kwashe yashin da ya ba shi aro, ya haɗa da fangalin albasa biyu. Mangwaro kuwa na nan tsaye.

Bazarar da ta biyo, kwando ɗaya tak Inna ta aiko.